Rasuwar Ɗan Jagora, Faifan da Ya San Gidan Kowane Suna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta yi kuka har ta gaji ta koma jin haushi, Mulikatu Zuberu ta Nima, bayan babbar gota, wato magudanar ruwa, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Nima da Maamobi da Kokomlemle, har da waɗanda ba a gayyata ba amma an san za su zo, rasuwar abokin aikinta kuma madogararta, Ɗan Jagora, faifan kwamfuta irin wanda ake kira fulofi. Ya cika ranar Litinin, talatin ga Nuwamba, 1998, wajen ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, a shagon buga takardu da take aiki a Kokomlemle, bayan jinyar da ba ta wuce minti ashirin ba. Ya bar duniya yana da shekara biyar. Komai na Allah ne, gare Shi kuma zai koma, roba ma ba ta tsira ba.

Marigayin baƙi ne, siriri, bai fi tafin hannu ba, da 'yar ƙofar ƙarfe a kansa mai zamewa. Ba shi da hayaniya, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba. Tun da labarin ya fita mutane ke tare Mulikatu a hanya suna tambayarta ko don wannan ɗan abin ne idanunta suka kumbura. Tana roƙon masu wannan tambayar su karanta takardar nan har ƙarshe, su bar ta ta huta. Shekara huɗu ke nan tana tsara wa mutanen Accra takardun mamatansu a shagon nan, ta rubuta yabon mutanen da ko maƙwabtansu ba sa yabo, ba ta taɓa yin gardama ba. Yau nata ne ya faɗi, a yi mata adalci.

Asalin marigayi daga hannun wanta Imurana yake. A 1993 Imurana ya zauna ya rubuta furogiram mai lissafa lokutan salla da na shan ruwa, domin masallacin layinsu. Da farko dattawa sun yi masa kallon mai neman koya wa rana aikinta. Da suka ga takardar ta fito tsaf, kowace rana da layinta, sai suka manna ta a bango, masallatan maƙwabta suka zo aro, har ta kai masallatai goma sha ɗaya ke jiranta duk shekara. A 1995 Imurana ya samu hanyar Amurka, inda yake tuƙa tasi yanzu. Ya bar wa ƙanwarsa faifai uku masu ɗauke da furogiram ɗin, da tulin takardunsa shafi ɗari uku da arba'in, da kuma marigayi, wanda ya rubuta wa Bisimilla da ajami a goshi da jan biro. Ya ce mata: "Muli, waɗancan ukun su ne gari. Wannan shi ne ya san hanya. Kar ki yar."

Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, furogiram ba doguwar wasiƙa ba ce da ake farawa daga sama a sauka ƙasa. Ƙananan ayyuka ne birjik, kowanne da sunansa. Ana iya kiran suna ɗaya a wuri hamsin, amma bayanin abin da sunan yake yi, wato asalinsa, a wuri ɗaya yake zaune. Mai gyara idan ya ci karo da suna dole ya je gidan sunan ya ga abin da ake dafawa a ciki. To, duk wanda ya taɓa neman gida a Nima ya san zancen. Ba lamba, ba suna a ƙofa. A ce maka bi gota, in ka ga mai waakye, wato shinkafa da wake, ka karya hagu, ka je ka tarar masu waakye uku ne, ɗaya ma ta tashi tun bara. Marigayi shi ne ɗan unguwar da ba ya kwatance, sai dai ya kama hannunka ya kai ka bakin ƙofa.

Ga yadda yake aikinsa, Allah Ya saka masa. A cikinsa akwai edita, wato wurin da ake buɗe rubutun furogiram a karanta ko a gyara, akwai kuma rajistar sunaye, kowane suna da faifan da yake ciki da layin da ya fara. Mulikatu ta ɗora ɗan ƙyifta-idon nan na allo a kan suna, ta danna maɓalli biyu tare. Sai marigayi ya yi gyaran murya, "gurrr, tak-tak," kafin ta sauke yatsa allo ya buɗe a daidai layin da sunan ya fara. In asalin yana wani faifan ne, ya gaya mata wanne za ta saka, bai taɓa aika ta gidan da ba shi ba. In ta gama ta danna wasu biyun, ya mayar da ita daidai inda ta baro. Ta taɓa shiga gida tara a jere, wannan ya miƙa ta wancan, har ita kanta ta manta abin da ya fito da ita. Shi bai manta ba. Ya dawo da ita ƙofa bayan ƙofa, "tak-tak, tak-tak," har wurin da ta fara.

Haƙurinsa ya isa a yi wa yara misali da shi. Akwai ranar da ta tambaye shi gidan suna ɗaya sau goma sha huɗu, saboda kanta na ciwo, sau goma sha huɗu ya kai ta, bai ce mata ba yanzu muka dawo ba. Bai taɓa kwana a shago ba, don Masta, mai shagon, tun da wata cutar kwamfuta ta cinye masa kalandar wani coci ya yi rantsuwa ba abin da zai ƙara zama a cikin kwamfutarsa in ba nasa ba. Awa ɗaya ya ba Mulikatu, lokacin cin abincin rana. Saboda haka marigayi kullum a jaka yake, daga Nima zuwa Kokomlemle, a trotro, motar haya, a matse tsakanin kwandon tumatir da gwiwar wani. Ya sha zafi, ya sha ruwan sama sau biyu, ya taɓa faɗawa ƙarƙashin kujerar direba. Duk bai yi ƙorafi ba.

Dole a faɗi gaskiya ko da a takardar mutuwa ce: wahalar da marigayi ya sha a rayuwa, Imurana ne ya ɗora masa. Mutumin kirki zai sa wa aikin da ke lissafa faɗuwar rana suna mai kama da faɗuwar rana. Imurana da yunwa yake rubutu. Aikin farko sunansa koko, na biye ƙosai, akwai waakye, akwai shito, wato yaji, akwai wagashi, wato cuku, akwai fura guda biyu, babba da ƙarama. Ba mahalukin da zai dubi sunan ya san abin da yake yi. Na biyu, Imurana halin uwarsa ya ɗauko, ba ya zubar da komai. Yadda Mma, mahaifiyarsu, ke tara gwangwanayen madara tun zamanin da ba a haifi Mulikatu ba, haka shi ma idan ya sake rubuta aiki sai ya bar tsohon a wani lungu da sunansa, wai ko za a buƙata. Suna ɗaya sai ka same shi da gida uku ko huɗu, ɗaya ne mai rai, sauran kufai. Duk duniya marigayi kaɗai ya san wanne ne mai ran.

Yanzu ga abin da ya kawo ajali, kuma a nan mai sanarwa take roƙon a daina dariya na ɗan lokaci.

Ranar Laraba, ashirin da biyar ga Nuwamba, Mulikatu ta fitar da gwajin takardar azumin bana. Azumin bana, in Allah Ya kai mu, zai fara a Disamba ya ƙare a Janairu, wata biyun sun zauna a shafi ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Tana bin layi da yatsa sai ta tsaya. Ranar ƙarshe ta Disamba, shan ruwa ƙarfe shida saura minti uku. Washegari, ɗaya ga Janairu, shida saura minti tara. Minti shida sun ɓace a dare ɗaya. Rana ba ta tsalle, ko jahili ya san wannan. Ɗaya daga cikin watannin nan ƙarya yake yi. In Disamba ce, da sauƙi, mutane za su ɗan ƙara jin ƙishirwa ne kawai. In Janairu ce, to bara da bara waccan, da azumi kusan dukkansa a Janairu ya faɗo, masallatai goma sha ɗaya sun sha ruwa rana tana sama, a kan takardar da ke ɗauke da sunanta a ƙasa. Bara ma rana ɗaya ta Disamba ta shiga takardar, amma a can sama take, inda ƙusa ke hudawa, ba wanda ya kula. Kuma ba za ta iya cewa laifin Imurana ba ne kai tsaye, don a ƙarshen 1996 ita ma ta sa hannu ta yi wani gyara da kwamitin masallaci ya nema.

Masu rai suna iya ramuwa. Abin da ya fi damun Mulikatu a wannan rana shi ne mahaifinta, Alhaji Zuberu, Allah Ya jiƙansa. Azumin bara shi ne nasa na ƙarshe. Likita ya hana shi, ya ce likita ba shi zai kwanta masa a kabari ba, ya yi shi duka bai sha ko ɗaya ba. Kullum da yamma yana zaune a tabarma, agogo a hannun hagu, takardar a bango daidai idonsa. Ba ya ma jiran ladan. In wani ya ce Alhaji a ɗan dakata, sai ya ce: "Takardar 'yata ce. Injin ya lissafa, ita ta duba." Sati uku bayan ƙaramar salla ya rasu.

Nan take ta hau marigayi, shi kuma ya tashi tsaye kamar ya san abin da ake ciki. Lokacin magariba daga waakye yake fitowa. "Gurrr, tak-tak," ga ta a gidan waakye. Waakye ya ce shito ne ya ba shi. Shito ya tura ta fura ƙarama, fura ƙarama ta tura ta wagashi. A gidan wagashi ta ga layin da ake ƙara wa rana wasu mintoci ko a rage mata, kuma adadin daga wani suna yake zuwa, zaafi. Ta ɗora ɗan ƙyifta-ido a kan zaafi. Yatsa ɗaya ya sauka a maɓallinsa, ɗayan yana hanya, aka ɗauke wuta. Duk wanda ya yi wannan shekarar a Accra ba ya buƙatar bayani. Masta ya leƙo ya ce kowa ya tafi gida, sai gobe in an ga dama.

Ta isa gida ana kiran la'asar. Ta zazzage jakarta a tabarma tana neman makullin akwati, ta bar komai a nan ta tafi alwala. Mma, wato Hajiya Salimatu mahaifiyarta, tana shirin tafiya bikin 'yar ƙawarta a Ashaiman, kwana uku. Ta shigo ɗaukar mayafi sai idonta ya faɗa kan jan rubutun ajami a ƙasa, inda ƙafa ke bi. Duk wanda ya tashi a gidan Hajiya Salimatu ya san dokar: abin da ke ɗauke da sunan Allah ba ya zama ƙasa, ko yagaggen shafi ne, ko takardar ƙunshin ƙosai. Ta ɗauke shi da hannun dama, ta goge shi da bakin mayafi, ta nemi wuri mafi tsawo a ɗakin. Wuri mafi tsawo shi ne saman wadirob. A saman wadirob kuwa akwai babbar lasifikar masallaci, wadda ƙanin Mma, Malam Iliasu ladan, ya kawo ajiya saboda ana sake kwanon rufi kafin azumi. An kife ta, bakinta ƙasa, gindinta sama, shimfiɗaɗɗe kamar ɗan teburi. A nan Mma ta kwantar da shi, a kan mayen ƙarfen lasifikar da ya kai faranti girma, irin wanda ke shafe duk abin da ke cikin faifai, ta yi Bisimilla ta kama hanyar Ashaiman.

Masu ilimi za su ce ai da an yi masa kwafi. An yi. Mulikatu ba sakarya ba ce. Marigayi yana da ƙane, kamarsu ɗaya, komai nasa yana cikinsa. Don kada ƙanen ya ɓace ne ta ɗaure su tare da roba, baya da baya. Tare aka ɗaga su. Faifai ukun nan kuwa, da ba su da ko alif a goshi, Mma ta ture su gefe da ƙafa, suna nan lafiyarsu ƙalau har yau.

Kwana uku Mulikatu tana birkice ɗaki. Ta duba ƙarƙashin gado, cikin tukwane, cikin gwangwanayen madara ɗaya bayan ɗaya, ta zargi yaran maƙwabta, ta zargi ɓera, ta zargi kanta. Sama ce kaɗai ba ta duba ba. A tsakani ta ce bari ta tambayi rana da kanta. Ta hau rufin bene a Maamobi da agogo, rana ta shige bayan wani benen tun da sauranta. Ta shiga trotro har bakin teku, rana ta zo dab da ƙasa ta shige gajimare ta bar ta tsaye da yashi a takalmi. Ta bi ladanai huɗu tana tambayarsu ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a farkon Janairu. Kowannensu ya ce ta jira, ya shiga ciki, ya fito mata da takardarta ta bara.

Ranar Asabar da yamma Mma ta dawo da ƙunshin biki. Da ta ji abin da ake nema ta ce: "Wannan ɗan baƙin? Ke dai ba ki da ta-ido. Sunan Allah a ƙasa, inda ake taka? Na ɗaga maki shi." Ta nuna sama da haɓa, tana jiran godiya. Mulikatu ta hau kujera, ta ga inda yake kwance, ta kai hannu, ta ji 'yar ƙofar ƙarfensa tana ja da baya kamar ba ta son rabuwa da lasifikar. Ta sauko ta ce: "Na gode, Mma." Ranar Lahadi shago a rufe, ta wuni tana kallonsa, shi ma ba abin da ya nuna a fuska.

Ranar Litinin ta saka shi. Maimakon gurrr ɗin da ta saba ji, sai ya ce "ƙat." Ya yi shiru. Ya sake, "ƙat, ƙat," kamar tsoho na neman numfashi. Kwamfuta ta kawo tambayarta mai kai uku da Turanci: a bari, a sake gwadawa, ko a haƙura. Ta ce a sake. Sau talatin da ɗaya ta ce a sake. Ta fito da shi ta hura masa iska, ta ɗumama shi a tafin hannu, ta juya ɗan ƙarfen cibiyarsa da farce. A karo na ƙarshe ya yi wani dogon "shhhh," 'yar koriyar fitilar kwamfutar ta mutu. Ta saka ƙanen, shi ko ƙat ɗin bai samu yi ba. Wani mai gyara a unguwar Circle ya duba su washegari, ya ce da Turancinsa ba abin da ya rage a ciki, an wanke su tas kamar kwanon biki. Ya tambayi abin da ya same su. Ta ce girmamawa.

An sanar da Imurana ta waya daga wurin buga waya na bakin titi, bayan layin awa biyu. Da ya gane muryarta ya ce: "Ei, Muli! Ya Mma? Kun ga hoton da na aiko?" Ta ce masa Ɗan Jagora ya mutu, kuma tana son sanin wane zaafi ne mai rai. Ya ce: "Zaafi kuma? Wallahi kin tuna min, shekara uku ban ci tuwon zaafi ba." Ta maimaita da ƙarfi har masu jiran layi suka juyo. Ya ce yana tunanin huɗu ne, ko biyar, ɗaya ya rubuta lokacin yana zazzaɓi, kada ta amince da wannan. Wanne ne? Bai tuna ba. Abin da ya haɗa rajistar da shi kuma wani malaminsu ne ya ba shi, malamin ya koma ƙasarsu tuni. Ya ce ta gaishe da kowa, fasinja na jiransa.

Marigayi ya bar faifai uku, marayu, masu cikakkiyar lafiya da ba su san hanyar gidan junansu ba. Ya bar shafi ɗari uku da arba'in na takarda mai huji a gefe, wadda ɓera ya ɗanɗana kusurwarta. Ya bar zaafi huɗu ko biyar, kowanne yana cewa shi ne magaji. Ya bar kwamfutar Masta, wadda ko gaisuwa ba ta yi ba, tana can tana buga kalandar sabuwar shekara dare da rana, har awa ɗayar Mulikatu an karɓe sai bayan Kirsimeti, sai dai ɗan lokacin da za ta fitar da takardar ƙarshe. Ya bar yatsu biyu na Mulikatu, waɗanda har yanzu in ta ga sunan da ba ta gane ba, ko a jarida ne, sai su danna teburi. Lasifika ta koma masallaci ranar Juma'a, muryarta garau, ba alamar nadama.

An je wa liman da zancen azumin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce: "'Yata, kawo min mintin, in ba ki hukunci. Ba na fatawa a kan wataƙila." Game da gawa kuma ya ce roba ba ta da salla, amma takardar goshin ba za ta shiga bola ba, a binne ta a wuri mai tsarki. Mulikatu ta ce in za a binne goshi a binne da mai shi. Liman ya dube ta, ya dubi idanunta, ya ce ramin dai ɗaya ne.

Saboda haka ga yadda aka tsara. Za a yi jana'iza ranar Alhamis, goma ga Disamba, bayan sallar azahar, a gindin bishiyar da ke bayan masallacin layi. Shi da ƙanensa rami ɗaya, da robarsu. Malam Iliasu ya nemi ya tona ramin da hannunsa, an ba shi, ya san dalili. Ba a buƙatar makara. Ba a buƙatar masu kuka, mai kukan ta wadatar.

Daga nan za a wuce zaman makoki a tsakar gidan Alhaji Zuberu, kuma a nan ne ake buƙatar jama'a da gaske. Duk wanda ya iya karatun boko, ko da aji uku ya yi ya gudu, za a ba shi shafi goma da fensir. Aikin da marigayi yake yi kafin a sauke yatsa, shi mutum talatin da huɗu za su taru su yi. Ana neman kalmar zaafi, za a rubuta ta da manyan baƙi a allo kowa ya gani. Ba wadda ke tsakiyar layi ake so ba, wannan kira ne kawai, tana nan fiye da sau ɗari. Wadda ta fara layi daga can hagu, da dogon bayani a ƙarƙashinta, ita ce gida. Wanda ya samu ya ɗaga hannu, kada ya yi kabbara ya firgita na kusa da shi ya ɓata masa layi. Kada a jiƙa yatsa da yawu, kada a naɗe shafi a yi fifita da shi. Mai tabarau ya zo da abinsa. In an tara gidajen, Mulikatu za ta bi kowanne da fensir har ta ga wanda ke haifar da shida saura tara, ta san ko Janairu ce ta yi ƙarya, kuma hannun wa ne a ciki. Ranar Litinin takarda za ta shiga injin bugawa. Duk abin da ta gano, mai daɗi ko marar daɗi, za ta kai wa liman da ƙafarta, a karanta wa jama'a ranar Juma'a da sunanta a kai. Akwai shinkafa, amma sai an dawo da shafi goma.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mai sanarwa ta fi so a kiyaye. Kada wanda ya yi wa Hajiya Salimatu maganar lasifika, ko da wasa. Mulikatu ta so ta ɓoye mata komai, amma ba a ɓoye wa wadda ta haife ka kumburin ido. Ranar da aka dawo daga wurin mai gyara Mma ta zaunar da ita ta ce sai ta faɗa, ta faɗa, har da zancen Alhaji da agogonsa. Sannan Mma ta ce: "Ke kin rubuta takarda. Ni ce na miƙa masa dabinon, kullum, da hannuna. In ya ci da rana, mu biyu ne."

Tun washegarin ranar Mma take azumi. An gaya mata ba a tabbatar da komai ba tukuna, an gaya mata lokacin Disamba ba shi ne abin tsoro ba, Malam Iliasu ya yi mata bayani har muryarsa ta dushe. Ta ce ta ji. Boko ba ta iya ba, amma ta ce a ba ta shafinta goma kamar kowa, a zana mata kalmar a kwali, za ta bi da ido ta gane ta da siffa.

Za a tashi daga zaman da an kira magariba, a raba wa masu azumin nafila ruwa da dabino. Za ku ga Hajiya ta karɓi kofinta ta riƙe a cinya ba ta sha ba, agogon Alhaji a ɗayan hannun. Don Allah kada a ce mata Hajiya an kira salla. Ta ji. Minti shida za ta ƙara, tana mayar masa da su ne rana ɗaya-ɗaya. A bar ta ta cika.